Takardar Maccido a Hannun Baraka

Shafi na 17

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce na bar Maccido tsaye a rana kwana uku ba ko ruwan sha. Ki yi haƙuri, yau zai shigo inuwa. Wanda ya tarar da mu a nan kuma, ga inda muke: Illela, shekara ashirin da 'yan kai bayan zuwan Nasara, ranar Lahadi da hantsi, a rumfar bayan bariki inda Kiristocin garin, su tara cif, ke haɗuwa suna koyon karatun Linjila.

*

Yatsan Baraka na kan layi na uku lokacin da inuwar mutum ta faɗo a kan littafin.

Ba ta ɗaga kai nan take ba. Shekara biyu ta yi tana jiran wannan Lahadi, ranar da Malam Yari, tsohon sojan Zuru da ke koya musu, zai ce ta miƙe ta karanta a gaban kowa. Ungozoma ce, ta haura hamsin, kuma da tsinke ta fara zana baƙaƙe a ƙasa jikokin mutane suna yi mata dariya. Ta ja layin har ƙarshe, inda makahon da ke bakin hanya ya samu ganinsa, sannan ta ɗago.

Maccido ne.

Maccido ɗan Dabo, bafatake mai jakuna ashirin tsakanin Illela da Ƙonni. A gidan ubansa aka sayo Baraka tana yarinya, a gidan kuma ta samu 'yancinta. A bayanta ya girma, da hannunta ya koyi cin tuwo. Amma tun ranar da ya ji ta shiga rumfar nan ya aiko mata cewa kada ta ƙara bi ta zaurensa. Shekara biyu ke nan bai gaishe ta ba.

Ga shi yau tsaye, rawaninsa ya jiƙe da zufa, hannunsa ɗaya cikin aljihu.

"Inna," ya ce.

Kowa a rumfar ya juyo.

"Na'am, Maccido. Lahiya?"

"Wurinki na taho."

Akawu Koka ne ya fara miƙewa. Mutumin Lokoja ne, shi ke riƙe da ofishin iyaka, shi ya roƙi Bature wannan rumfa, kuma littafin da ke hannun Baraka, wanda shi kaɗai ne a duk garin, nasa ne.

"Malam Maccido, nan wurin ibada ne. In maganar ofis ce, gobe Litinin."

"Ba wurinka na taho ba, Akawu."

Ya tuɓe takalmansa a bakin tabarma kamar yadda ake yi wa kowane wuri mai daraja. Ya fito da wata takarda a ninke, ya miƙa wa Baraka da hannu biyu.

"An ce kin iya karatun boko. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"To ki karanta min wagga."

Ba ta karɓa ba tukuna. Ta rufe Linjilar a hankali ta ba Altine, matar mai wankin bariki, wadda ke zaune kusa da ƙafarta.

"Mi ke ciki?"

"Da na sani da ban taho ba. Jiya Akawu ya kira ni, ya ce fasin jakunana ne na ƙetare iyaka. Ya shafa min tawada a babban yatsa, ya ce in dangwala. Ya ce gobe da safe in miƙa ta ga Sajan bariki da hannuna. Da na koma gida matata Tasalla ta diba, ta ce, Maigida, shekara nawa kana amso fasi, yaushe anka taɓa sa ka dangwala yatsa? Kuma yaushe fasi ya yi tsawo haka? Na kai wa malamai uku a gari. Kowa ya juya ta ya ce wannan ba ajami ba ne."

Malam Yari ya matso, ya miƙa hannu.

"Kawo in duba maka, Malam Maccido."

Maccido ya janye takardar.

"Ka yi haƙuri, Malam. Kai ma albashin bariki kake ci. Duk garin nan mutum ɗaya na sani wadda ba ta taɓa yi min ƙarya ba, ko lokacin da ƙaryar za ta hana a doke ni."

Baraka ta ji maganar har cikin ƙirjinta, amma fuskarta ba ta nuna ba. Ta goge tafin hannunta a zani, ta karɓa.

Akawu ya yi dariya, wata irin dariya mai gajeren numfashi.

"Ka zo wurin da ba a zuwa. Tsohuwar nan ba karatu take yi ba, hadda ce. Ana karanta mata sau goma, ta riƙe a ka, ta zo ta ɗora yatsa tana maimaitawa. Duk abin da ta gaya maka yanzu daga kanta ne."

Altine ta ɗago a fusace. Baraka ta dafa mata kafaɗa.

"Ga allo can, Akawu, ga alli. Rubuta abin da ka ga dama, wanda ba a taɓa karanta min ba."

Ya dube ta, ya dubi mutane. Babu hanyar ƙi. Ya ɗauki baƙin allon, ya juya baya, alli ya yi ƙara. Da ya juyo yana murmushi.

Malam Yari ya ga abin da aka rubuta, ya sunkuyar da kai.

Baraka ta matso da fuskarta. Leɓunanta suka motsa, baƙi da wasali, baƙi da wasali, yadda aka koya mata. Sai ta miƙe tsaye sosai.

"Tsohuwar bawa," ta karanta da ƙarfi, don na baya su ji.

Ta miƙa wa Akawu hannu.

"Ba ni allin."

Ya ba ta. Ta riƙe shi da yatsu uku, hannun nan da ya yanke cibiyar rabin garin, ta saka wasali ɗaya a tsakiyar kalmar, siriri, da ɗigonsa a kai.

"Bawa namiji ne, Akawu. Ni baiwa aka ce min. Ka bar *i* a baya. Kuma *tsohuwar* ɗin daidai ne, don tuni na daina."

Wani lebura a bayan rumfa ya fashe da dariya, ya toshe bakinsa da hula. Altine ba ta ɓoye tata ba. Maccido bai gane abin da ya faru a kan allon ba, amma ya ga fuskar Akawu, kuma bafatake ya san fuskar wanda ciniki ya juye masa.

Baraka ta ajiye allin, ta fara warware takardar.

Akawu ya matso dab da ita, ya rage murya.

"Mama, ki yi tunani. Mu tara ne a garin nan. Ni na samo mana rumfar nan, ni nake tsaya mana in an kai ƙararmu. Mutumin nan shi ya hana ki ƙofar gidansa. Za ki tona ɗan'uwanki cikin Almasihu saboda shi?"

Ita ba ta rage tata muryar ba.

"Ni ban san abin da ke ciki ba, Akawu. Kai ka sani. In fasin jakuna ne, mi za a tona?"

Baraka ta mayar da ido kan takardar.

Rubutun hannu ne, ba irin na littafi ba da kowane baƙi ke tsaye a wurinsa. Wasu sun jingina, wasu sun riƙe juna. Ta riƙe gindin takardar da babban yatsanta don iska, ta ɗora ɗan alinta a farkon layi, ta ce a ranta, Ubangiji, kada ka kunyata ni gaban yaron nan.

Baƙin farko ya buɗe mata. Na biyu ya biyo.

"Ni... Maccido... ɗan Dabo... bafatake... mutumin Illela."

"Ni ne," in ji Maccido.

"Na faɗa... da bakina... ba wanda... ya tilasta mini."

"Na faɗi mi?"

"Yi shiru in ƙarasa."

Ya yi shiru, kamar yadda yake yi yana ɗan shekara biyar.

"Ni ne... na ƙetare... da wata mata... da 'yarta... mutanen Garu..."

Muryarta ta tsaya. Idonta ya riga bakinta isa kalma ta gaba. Ta san kalmar. Ta san ta tun kafin ta san akwai wani abu wai shi rubutu, tun ranar da aka raba hannunta da na uwarta a wata kasuwa da har yau ba ta san sunanta ba.

Ta mayar da yatsa wurinsa.

"Ran uku ga watan azumin tsofaffi... na sayar da su... a ƙasar Faransi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Maccido ne ya furta. Ya zauna a kan bencin da bai taɓa zaton zai zauna a kai ba.

"Saja ya riƙe... mai wannan takarda... har Joji ya zo."

Rumfar ta ɓarke. Kowa a Illela ya san hukuncin sayar da mutum a zamanin nan: sarƙa, da gidan yarin Sakkwato, wani lokaci ma ba a dawowa. Kowa kuma ya san an yi wata guda ana neman matar nan ta Garu da 'yarta.

"Talata Joji, Baturen shari'a, zai iso," in ji Altine, tana duban Akawu. "Maigidana ya ji a bariki. An ce ya aiko cewa in ya zo bai tarar da sunan mai laifi ba, ma'aikatan iyaka ne za su amsa."

"Rufe mini baki," in ji Akawu. Ya kai hannu zai fizge takardar.

Baraka ta manna ta a ƙirjinta. Leburori biyu suka miƙe suka tsaya a tsakaninsu, ba wanda ya ce musu su yi.

Maccido ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Inna, wallahi..."

"Kar ka rantse min."

"Inna, ban..."

"Na ce kar ka rantse. Ran uku ga watan azumin tsofaffi ina ina?"

Ya dube ta, bai gane ba.

"Ina ɗakin Tasalla. Tun hantsi naƙuda ta kama ta, ɗa ya taho da ƙafa. Ka ce kar in bi ta zaurenka, to ta ƙofar baya anka shigo da ni. Ina leƙowa ta danga ina ganinka, kana kai da kawo gaban zaure kamar kazar da za ta yi ƙwai, tun hantsi har anka kira magariba. Ko sallar azahar nan ka yi ta, kan buzu, ka yi raka'a biyar don ruɗewa. Yaushe ka je Garu? Yaushe ka je Ƙonni?"

Maccido ya rufe fuskarsa da hannun riga.

"Ashe kin gan ni."

"Tun kana tsumma nake ganinka."

Ta juya ga Akawu. Ba ta ɗaga murya ba, amma har masu wucewa zuwa rijiya suka tsaya.

"Ranar Talata zan tsaya gaban Joji in faɗi wannan. In ya ce maganar tsohuwa ce, in karanta masa takardar da bakina, yadda na karanta yanzu."

"Kin san abin da kike yi?" in ji Akawu. "Kin san wa za ki ja wa? Gobe in mutanen gari suka ji Kirista ya yi wa ɗan gari haka, a kanmu duka za su huce. Ke ma ba za ki tsira ba."

"To su ji kuma Kirista ce ta karanta. Kai ne ka zauna a kujerar can watan jiya ka bayyana mana haramcin shaidar zur. Na ɗauka don mu yi aiki da shi ka faɗa."

Akawu ya tsaya yana huci. Sai ya sunkuya ya warce Linjilar daga cinyar Altine, ya danna ta a hammata.

"Littafina ne. Da kuɗina na saye shi a Lokoja. In ga abin da za ku karanta Lahadi mai zuwa."

Wannan ta taɓa su. Baraka ta ga yadda idanun mutane suka bi littafin, baƙin bangonsa da ya koɗe saboda hannuwa tara. Ta tuna marigayi mijinta Boyi, wanda ya mutu yana cewa da ma ya iya karanta ko layi ɗaya da kansa.

Ta dubi Altine.

"Buɗe lefen."

Altine ta jawo lefen da ke ƙarƙashin benci, wanda kowa ya ɗauka goro da zaren saƙa ne a ciki. Ta ɗaga faifan. Takardu ne, na ƙunshin sukari da na shayi da ake zubarwa a bayan kicin ɗin Bature, an wanke hannu an miƙe su, an ɗinke gefensu da zare. Kowace cike da rubutun fensir, manya-manyan baƙaƙe, wasu sun hau tudu wasu sun gangara.

"Babi na ɗaya zuwa na huɗu, hannuna ne," in ji Baraka. "Na biyar da na shida, Altine."

"Na bakwai yana wurina," in ji leburan da ya yi dariya ɗazu. Ya ciro nasa daga cikin hula, ya naɗe kamar laya.

"Ni na takwas ne, ban gama ba," in ji wani dattijo mai gadin rijiyar bariki, yana jin kunya. "Idona ne. Amma saura kaɗan."

"Duk ranar da ka ba mu aron littafin nan mu kwana da shi, ba matashin kai muke yi da shi ba," in ji Baraka. "Tahi da naka, Akawu, Allah shi amfana maka. Ranar da ka so dawowa, wurin zamanka na nan. Amma sai ka fara biyawa ta wurin Joji."

Akawu ya dubi takardun sukarin nan, ya dubi fuskoki takwas. Ya fita da sauri har ya manta hularsa a kan kujera.

Sai a lokacin Baraka ta nemi wurin zama. Ta zauna a gefen Maccido, a benci ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana yaro. Altine ta miƙo mata ruwa a ƙwarya. Ta kurɓa, ta miƙa masa, ya karɓa ya sha bai tambayi ko ƙwaryar wa ba ce.

"Inna," ya ce a hankali, "yaushe kinka koyi wanga abu?"

"Lokacin da kake fushi da ni. Na samu sarari."

Ya yi ɗan murmushi, hawaye na bin gemunsa.

"Ni ina kan addinina, kin sani."

"Na sani. Ban ce ka bari ba."

"Amma yau ta zaure za ki shiga gidana. Ni zan riƙe miki labule. Kuma duk wanda ya ƙara cewa tsohuwar gidan Dabo ta ruɗe, shi zo shi same ni."

Baraka ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ɗaga haɓa. Mutanen rumfa suna ta kallonta kamar yau suka fara ganinta, ita kuwa ta bar su su kalla. Ta juya neman idon Malam Yari, don ta ga ko malaminta ya gamsu da karatun. Yana can jingine da ginshiƙin rumfa, yana kallon ƙasa.

Maccido ya share fuska, hankalin fatauci ya fara dawo masa. Ya leƙa takardar da ke hannunta.

"Ki adana ta wurinki har Talata. Amma tsaya, Inna."

"Mi ne ne?"

Ya kai yatsa yana taɓa layukan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga jakuna a mashigi.

"Ni ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga. Ina bin yatsanki ɗazu. Nan kinka tsaya, wurin Joji. Ga wani ɗan gajere nan ƙasa, kusa da inda na dangwala. Babban yatsanki ya rufe shi."

Baraka ta duba. Gaskiyarsa. Hayaniya ce ta katse ta, ba ta kai gindin takardar ba.

Ta janye yatsanta.

Kalma biyu ne kawai. Ta farko ta haɗa ta a hankali: *Shaida.*

Ta biyun ba ta bukaci haɗawa ba. Baƙaƙe huɗu ne, kuma bayan sunanta, su ne abu na farko da ta roƙa a koya mata rubutawa, don ta gode wa mai su.

"Mi anka rubuta, Inna?" in ji Maccido. "Wa ya yi shaida a kaina?"

Baraka ta ɗaga kai.

Malam Yari ya daina kallon ƙasa. Ita yake kallo.